Minti Huɗun Mai Dawaki

Ko da zan tsufa har in riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina, akwai abu guda da ba zai ɓace mini ba: lokacin da na zauna na yanke wa wani mutum hukunci a kan wasansa na eshek, da bakin nan nawa da ba ya jiran kaina, ban ma san ko wane ne ba. An yi shekaru yanzu, amma in na tuna sai kunnuwana su yi zafi, daga baya dariya ta kama ni bisa moto, har wanda na goyo ya tambaye ni ko lafiya.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Agadas. Lakwal, wato makarantar boko, na baro ta a aji biyu na kolej. Ba korata aka yi ba, mun dai rabu ne ba wanda ya yi kuka. Daga nan na bi abokai zuwa Cibarakaten neman zinariya, amma zinariyar ta nuna ba ta san ni ba. Abu biyu na dawo da su gida: tari, da wasan eshek. Wani ɗan Sudan ya koya mini a can, da kwali da murafun butelin lemo. Ga wanda bai sani ba, yaƙi ne na mutum biyu a kan allo. Kowa yana da sarki da sarauniya, da dawaki biyu, da wasu manya da ake kira tur da fu, da ƙananan sojoji takwas a gaba. Wanda aka ritsa sarkinsa ya rasa hanyar gudu, an cinye shi. A salula kuma akwai agogo: kowa minti goma, in naka ya ƙare ka faɗi, ko da kai ne ke bisa wuyan mutum.

Da na dawo sai na shafa wa fadarmu wannan ciwo. Muna zama ƙofar wani tela, a ɗora shayi, kowa ya duƙa kan salularsa kamar masu tsintar tsaba. Wani malamin lissafi da muke kira Mushe shi ya fi kowa kamuwa, har ya buɗe mana kulob a cikin wasan, na ƴan gari kawai. Mutane suka yi ta shiga, kowa da sunan ɓoye, wasu mun san su, wasu ba mu sani ba.

Gaskiya ni ban iya wasa can ba. Mushe yana cewa ina fito da sarauniyata tun da wuri kamar wanda gobara ta kama ɗakinsa. Amma Allah ya ba ni ido. Sana'ata ce ta koya mini: daga nesa nake gane wanda ke jiran moto da wanda ke jiran budurwa. In na kalli wasannin mutum goma, sai in gaya maka ko matsoraci ne, ko mai haɗama, ko mai fushi. Samari har shayi suke ba ni na farko don in karanta musu abokin karawa. Wannan ya kumbura mini kai, ba zan ɓoye ba.

Akwai kuma wani mutum da ya kamata ku sani. Ƙanen kakana ne, baduku, yana da rumfa a wani lungu na tsohon gari inda yake ɗinka takalma. Tunda kakana ya rasu shi ne kakan, kuma kun san tsakanin jika da kaka sai tsiya. Kullum bayan la'asar nake biyawa. Ina tsayar da moto zan ga ya kife salularsa bisa fata, ya miƙo mini hannu.

Sai in ce, "Tsoho, wace yarinya ce kake ɓoyewa? Wallahi sai na gaya wa matata." Matar tasa nake nufi.

Shi kuma ya ce, "Matarka? Da wane gida? Wanda ko akuya bai ajiye ba. Zauna, ɗan banza, ina gajiya?"

Haka muke kullum. Ban taɓa kawo komai a raina ba game da salular nan.

Wata rana Mushe ya zo fada da labari. Ma'aikatan garin Cirozerin, masu aikin gawayi da kuran, wato wutar lantarki, sun ƙalubalance mu. Mutum huɗu da huɗu, a kan allo na gaske, ranar Lahadi a gidan matasa. Muna da uku: Mushe, da tela, da ni. Kujera ta huɗu ce babu mai ita. Mushe ya ce wani ɗan kulob ya rubuto masa a keɓe yana so a ba shi. Mun san wasansa, ba mu san fuskarsa ba. Ba hoto, ba ya magana a gurup ɗin hira na kulob, sunansa ma wasu haruffa ne da lamba. Mu muka laƙaba masa Mai Dawaki, saboda yadda yake son dawakinsa.

Mushe ya ce mini, "Kai mai ido, duba mana wasanninsa. Salonsa, ƙarfinsa, da inda yake yoyo. In ka ce a ba shi kujera, an ba shi."

Kwana uku na yi ina wannan aiki. In na sauke mutum sai in raɓa inuwa kusa da tasha in buɗe wasa guda. Na kalli wajen arba'in. Kuma maganar Allah, tun a na biyar na fara jin daɗinsa. Mutumin yana wasa kamar magini mai jera tubali. Buɗewarsa guda ce kullum: ya tura sojan gaban sarauniya, ya tokare shi da wani, ya fito da dawaki, ba gaggawa. Ka ajiye masa soja a banza don ka ja shi cikin rami, ba zai ko kalle shi ba. A hankali zai kai doki tsakiyar allo ya dasa shi inda ba mai iya korarsa, sai ka ga abokin wasan ya fara shure-shure, ba a ci masa komai ba amma ya rasa inda zai sa ƙafa. In kuma aka kai ƙarshe, kaya suka ragu, nan ne gidansa. Soja guda in ya fi ka, to ka fara haɗa kayanka.

Inda yake yoyo ma na gani. Yana barin sarkinsa a tsakar fili ya daɗe bai shigar da shi lungu ba, mai saurin kai hari zai iya kama shi a nan. Kuma ba ya rabuwa da doki. Ko da bayar da dokin ne zai ba shi nasara, sai ya ja shi baya ya bi doguwar hanya. Na ce wannan ko a mafarki bai taɓa sayar da dabba ba.

Amma babban abin shi ne agogo. Yawancin wasannin da ya faɗi ba cinye shi aka yi ba, lokaci ne ya ƙare masa yana kan nasara. Da na duba da kyau sai na ga wani abu. Yana cikin wasa lafiya lau, taku bayan taku, sai kawai ya tsaya cik. Minti biyu, minti uku, wani lokaci huɗu, a wasan minti goma! Kuma ba a wuri mai wuya ba. In ya dawo kuwa, sai ya saki wani taku da zai sa ka ajiye kofin shayi. Na ɗauki irin waɗannan wurare na ba ordinatar, wato kwamfutar da ke cikin wasan, ta duba, sai ga shi sau da yawa abin da ta zaɓa shi ya taka.

Nan na buga cinya. Na ce na kama ɓarawo. Ai a fili yake: yana tsayawa ne ya je ya tambayi ordinatar a wata salula, ya dawo ya kwafa. Akwai wani wasa na ranar wata Laraba da na riƙe a matsayin babbar hujja. Saura taku biyu ya gama da mutum, ya tsaya minti huɗu da wani abu, ya dawo ya yi taku guda mai kyan gaske, agogo ya kashe shi kafin na biyun.

Da mai hankali ne, da na kira Mushe gefe na gaya masa. Amma ni na ga dandali. Na zauna bisa moto, na danna vokal na ɗauki muryata, na tura gurup ɗin kulob gaba ɗaya. Har yau ina iya maimaita shi.

"Jama'a, ga sakamakon asibiti. Mai Dawaki yana da haƙuri, ya iya jeri, ƙarshen wasansa sai dai a sara masa. Sarkinsa dai yana kwana waje kamar marar gida, kuma dokinsa ko sadaki aka ce ya bayar sai dai a fasa auren. Amma duk wannan ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne, malam yana da boka. In wasa ya yi zafi sai ya ce, dakata in je in gaida boka. Minti huɗu yana durƙushe gaban ordinatar, ranka ya daɗe mi zan taka? To ranar Lahadi ba a shiga da boka. Mushe, in ka ba shi kujera, ka tanadi ta biyar don ordinatar ɗinsa."

Har da sauya murya na yi wajen durƙuson. Gurup ya kece da dariya. Tela ya ce saura kaɗan ya ɗinke yatsansa. Mushe kaɗai ya kira ni ya ce, "Kai, ka tabbata? Maguɗi babbar kalma ce fa." Na ce, "Mushe, kai ka san lissafi, ni na san mutane."

Can da dare Mai Dawaki ya yi rubutunsa na farko kuma na ƙarshe a gurup: "Na ji. Allah ya ba ku sa'a ranar Lahadi." Ya fita daga kulob. Na ce kun gani, mai gaskiya ai da ya tsaya.

Washegari bayan la'asar na biya rumfar tsoho kamar kullum. Salula ba ta bisa fata, tana can cikin aljihu. Ya ba ni hannu, ya tambayi gajiya, ya tambayi uwata, komai daidai. Amma ba ɗan banza, ba zancen akuya. Na jefa masa tsiya biyu, ba wadda ya mayar. Ya ci gaba da huda fata da basilla.

Na ce, "Tsoho, yau yarinyar ta ƙi ka ne?"

Bai ɗago ba ya ce, "A'a. Wajen boka na tahi, ban same shi ba."

Na yi dariya don ban gane ba. Sai ya ɗago, ya dube ni ta saman madubin idonsa, ya kwaikwayi muryata sak: "Ranka ya daɗe, mi zan taka?"

Wallahi ji na yi kamar moto ta mutu mini a tsakiyar kwalta.

Da ƙyar na ce, "Kaka... kai ne?"

"Yau kuma na zama Kaka? Zauna."

Na zauna bisa wani buhu. Ya ce tun ina cikin zanen goyo ya iya wasan nan. A shekarun da baƙi ke zuwa yawon hamada, shi ne mai dafa musu abinci a tafiya, wani tsoho cikinsu ya koya masa a kan ɗan allo mai ninkewa. Da baƙi suka daina zuwa, ya rasa abokin wasa, ya koma ga fatarsa. Ƴarsa ce ta sa masa wasan a salula, ita ta shigar da shi kulob. Bai gaya wa kowa ba, don yana jin nauyin a ce mai jikoki yana wasa da salula kamar yaro.

Ya ce, "Shekara nawa rabon da in riƙe doki da yatsuna, in ji nauyinsa. Shi kaɗai na so. In zauna gaban mutum sau guda, in ga idonsa. Sai jikana ya tashi gaban gari ya ce ni ɓarawo ne."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zafi. Amma kun san ni, ko a cikin rami sai na yi gardama. Na ce, "To Kaka, tsayawar fa? Minti huɗu kana ina?"

Ya ciro salula ya ce, "Matso. Ka ce kana da ido."

Ya fara wasa da wani baƙo. Sojan gaban sarauniya, tokara, dawaki. Ina gefe ina kallon yatsansa mai kaushi yana tafiya a hankali. An yi taku kamar goma sha biyu, sai ga wani dattijo ya shigo lungun da carbi a hannu, ya yi sallama. Kafin ya rufe baki, tsoho ya kife salula bisa fata, ya miƙe, ya ba shi hannu. Kun san gaisuwarmu, a shafa tafi a saki, a sake shafawa. Ina wuni, ina gajiya, ina zafi, ina iyali, yaya mai jiki, an samu sauƙi, yaya wanda ya tafi Ingal, ya yi waya, madalla, to ina gajiya kuma. Ni kuwa idona na kan salular nan da ke kife, na san agogon yana ta tafiya. Har na ɗaga hannu zan yi magana, tsoho ya harare ni da gefen ido.

Da dattijon ya wuce, ya zauna, ya juya salula, ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya dasa doki a wani gida da ban ko hango ba. Minti uku sun tafi.

Na ce, "Yaushe ka yi tunanin wannan?"

Ya ce, "Baki ke gaisuwa. Allon yana nan." Ya taɓa goshinsa. "Tun ina yaro nake gaisuwa, ba ta bukatar kaina duka."

"To ba sai ka ce masa ya dakata minti guda ba? Ko ka gaisa kana kallo?"

Ya dube ni kamar na ce ya fita ba wando. "Mutum ya tako ƙafarsa har gabana, ya yi mini sallama, ni kuma ina kallon gilashi? Wanga wasa fa itace ne, itacen ma na hoto."

Rumfarsa kuwa a bakin hanyar masallaci take. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Ga bokan nan da na yi ta faɗa: mutanen unguwa.

Sai wani abu ya faɗo mini. Na ciro tawa salular na nemo wasan Larabar nan, babbar hujjata. Na duba ranar, na duba lokacin. Bayan la'asar. Na tuna sarai: ranar ce sirdin motona ya yage na kawo masa ya ɗinke, na tsaya ina masa tsiya a kan wai hannunsa ya fara rawa, yana ramawa, muna ta dariya. Na tuna har ya ɗan juya salula ya taɓa sau guda lokacin da na duƙa kwance sirdin, na ɗago ya sake kifewa. Minti huɗun nan da na yi wa gari shela a kansu, ni ne. Ni na cinye masa wasan, na dawo na ce ya yi sata.

Na nuna masa. Ya leƙa, ya ce, "Ƙwarai. Saura taku biyu. Ka zo kana surutu kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace." A nan ne na ga gefen bakinsa ya motsa, na san akwai sauran rai a lamarin.

Na sauko daga buhu na durƙusa sosai, na ba shi haƙuri. Ya bar ni a nan har gwiwata ta fara jin tsakuwa, sannan ya ce, "A gurup ka ɓata ni, a gurup za ka wanke ni. Kuma tsawon na farko, kar ka rage." Na ce to, in faɗi ko wane ne? Ya murza zare, ya ce, "Faɗi. Ɓuyan ma ya ishe ni."

Har na tashi sai ya ce, "Tsaya. Sauran maganar taka, ta sarki mai kwana waje da doki. Ita ma tsiya ce, ko gaskiya?"

Na ce, "Wannan kam gaskiya ce, Kaka."

"To zauna ka nuna mini."

Ranar ban ƙara ɗaukar kowa ba. Na nuna masa wasa uku da aka kama sarkinsa a fili, da wani da in ya ba da doki zai gama cikin taku huɗu amma ya ƙi. Ya yi ta gyaɗa kai yana tsaki. Ya ce dokin ne yana ba shi tausayi. Na ce ai ba ya cin ciyawa. A tsakani mun tashi gaisuwa sau biyar.

Vokal na biyu ya fi na farko wuya. Na faɗi komai, har da sirdin. Nan take waɗanda suka fi kowa dariya suka fara rantsuwa cewa su dama ba su yarda ba. Tela ya ce shi tun farko ya ji a jikinsa. Mushe ya mayar da tsoho kulob, ya ba shi kujera ta huɗu, ni kuma ya ce mini, "Kai ka san mutane, ko?" Na ce rezon salula ba kyau, ban ji ba.

Ranar Lahadi da hantsi tsoho ya iso gidan matasa da babbar riga da rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ni na kawo shi, a hankali, ban taɓa tuƙi mai ladabi irin na ranar ba. Da ya zauna gaban allo, kafin a fara, ya ɗauki doki guda ya juya shi a hannu, ya ɗan jinjina, ya mayar. Abokin karawarsa wani matashin injiniya ne mai madubin ido, ya gaida shi da ladabi, amma na ga yana murmushin wanda ya samu nama mai taushi.

An ba kowa rabin awa. Nawa wasan bai kai ko'ina ba. Na fito da sarauniya, aka rufe ta, aka cinye ni kafin shayin farko ya nuna. Na ba da hannu na ce dama sauri nake. Sai na koma bayan tsoho. Ya shigar da sarkinsa lungu tun a taku na bakwai, ya ɗago ya harare ni, wai ka gani. Dawakinsa biyu suna tsakiya, injiniya ya daina murmushi, ya cire madubi yana gogewa.

Amma tsoho a allo na gaske jin daɗi yake, yana ta tauna kowane taku, lokaci yana tafiya. Saura masa kamar minti shida, sai ga wanda ya tuƙo ƴan Cirozerin ya shigo daga waje. Wani dattijo ne dogo. Yana hango tsoho ya tafa hannu ya ce, "La ilaha illallahu! Kai ne? Kana raye?" Ashe tare suka yi aikin hamada, shekaru ba su haɗu ba. Ya nufo shi da hannu biyu a miƙe.

Na ga tsoho ya dafa tebur zai tashi. Agogonsa ne ke tafiya. Irin wannan gaisuwa ta shekaru ko minti goma ba ta isa. Ban san lokacin da na yi tsalle na shiga tsakani ba. Na kama hannun dattijon da nawa biyu na ce, "Baba, sannu da zuwa! Ni jikansa ne, ni ne wakilinsa a gaisuwa har a gama. Ina gajiya? Ina hanya?"

Dattijon ya tsaya yana kallona, yana leƙen tsoho ta kafaɗata. Tsoho yana rabi a tsaye rabi a zaune, fuskarsa kamar ana jan ta gida biyu. Sai ya ɗaga hannu guda ya ce, "Abokina, gafarta mini, ina bisa doki. Ga jikana ka fara da shi." Ya juyo gare ni: "Ka amshe mini shi da kyau. Kar ka rage komi."

Ban rage ba. Na tambayi iyali, na tambayi zafi, na tambayi mutanen Cirozerin ɗaya bayan ɗaya kamar na san su. Na tambayi mota, na tambayi tayoyinta. Na tambayi awaki, ya ce ba ya da su, na ce to Allah ya kawo. Da tambayoyi suka ƙare na koma ina gajiya daga farko. Dattijon ya gane wasan, yana ta dariya ƙasa-ƙasa yana amsawa, shi ma yana tambayata har da matar da ban aura ba. Tafin hannuna har ya yi zafi.

Ina cikin haka na ji ɗakin ya yi wani irin numfashi. Na waiga. Tsoho ya ɗauki dokinsa, wanda ya fi so, na tsakiyar, ya jefa shi gaban sarkin injiniya inda soja zai cinye shi a banza. Injiniya ya ci, don ba shi da zaɓi. Hanya ta buɗe, sarauniya ta shigo, tur ta biyo. Taku uku, injiniya ya kwantar da sarkinsa, ya miƙe ya ba da hannu biyu. Saura wa tsoho minti guda da ƴan daƙiƙu.

Bai ko tsaya jin tafi ba. Ya zagayo ya ture ni gefe ya kama abokinsa, suka fara tasu gaisuwar daga tushe, kamar tawa ba a yi ta ba. Mun tashi biyu da biyu da ƴan Cirozerin, Mushe ya ci, tela ya faɗi. A hanyar komawa tsoho yana bayana bisa moto, ya ɗauko bakinsa ya sa kusa da kunnena ya ce, "In ba ka naka sakamakon asibitin? Kana da ido, ba ka da haƙuri. Sarauniyarka da bakinka ciwonsu guda, suna fita kafin a kira su." Na ce, "Tsoho, ka riƙe da kyau, akwai rami gaba." Ya ce, "Ɗan banza." Daɗin da na ji da wannan zagi, ko zinariyar Cibarakaten ba za ta ba ni shi ba.

Har yau ana kawo mini wasannin mutane in duba, kuma ina dubawa. Ina faɗin salo, ina faɗin ƙarfi, ina faɗin inda ake yoyo, da tsiyata da komai. Amma abin da na koya shi ne, salula tana nuna maka takun mutum ne kawai, ba ta nuna maka rumfar da yake zaune da wanda ke tsaye a kansa. Abin da na gani da ido, ina faɗinsa. Abin da ban gani ba, musamman in zai taɓa mutuncin mutum, sai na je na tambaya tukuna, don wani lokaci abin da ka ɗauka aibi ne, shi ne mafi kyawun hali a jikinsa, kuma mai yiwuwa kai ne ma sanadin.

Tsoho yana nan, ya koma wasan rabin awa bisa shawarata, yanzu agogo ba ya cika kashe shi. Ni kuma in na shigo lungun nakan kashe moto daga nesa, in leƙa. In na ga salula a hannunsa sai in raɓe jikin bango in jira ya gama. Bai taɓa bari ba. Yana hango ni zai kife ta bisa fata, ya miƙo hannu ya ce, "Mi kake laɓe kamar ɓarawo? Zo nan. Ina gajiya?"